Sunan Larura

Ranar da na fara ganin aikinsa, ba son kallon zane ne ya kai ni gidan tarihin ba. Sanyi ne ya kore ni, da ɓacin rai. Alhamis ce ta farkon wata, ranar da birnin Kolon ke barin mazauna garin su shiga gidajen tarihinsa kyauta, muddin mutum ya nuna shaidar cewa a garin yake zaune. Na sauko daga jirgin ƙasa da la'asar, ba na son in koma ɗaki in zauna ni kaɗai da abin da ke cina, kuma aljihuna bai kai na zaman gidan shayi ba. Sai na miƙe zuwa Wallraf-Richartz, wanda ke kusa da tsohon ginin majalisar birni, don kawai na san akwai ɗumi a ciki.

Ga abin da ke cina. Ina karatun digiri na uku a fannin kimiyyar sinadarai, a wata jami'a da nake zuwa ta jirgi kullum. Wata goma sha huɗu na yi ina gwajin ruwa a ɗakin bincike. Ni ke zuwa tun duhun asuba in kunna na'ura, ni ke wanke kwalabe, ni ke maimaita awo idan ya ƙi fita. Azumi guda cur na yi shi a tsaye a gaban na'urar nan, ina buɗe baki da dabino a bakin ƙofa, saboda ba a cin abinci a ciki. A safiyar wannan Alhamis aka turo mana daftarin maƙalar da za a aika wa mujalla. Sunaye huɗu ne a sama. Na karanta su sau uku, babu nawa. Sai can ƙarshe, a wurin godiya, na ga layi ɗaya da aka gode wa ɗaliban ɗakin bincike baki ɗaya.

Wanda bai yi karatu a ƙasar wani ba zai ce, to ki je ki yi magana mana. Amma mu da ke nan mun san yadda abin yake. Tallafin karatuna, da takardar izinin zamana, da wasiƙar da zan nemi aiki da ita gobe, duk sa hannun mutum ɗaya suke jira. Wanda ke riƙe da igiyar guga ba a yi masa tsawa daga cikin rijiya. Don haka na yi shiru, na ɗauki jakata na fito.

Sashen da na fara shiga na zane-zanen coci ne na tsakiyar zamani, daga ƙarni na 13 zuwa farkon na 16. Na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Ni Musulma ce, kuma na san abin da Mama za ta ce idan ta gan ni a nan. Ta ma faɗa daga baya da na ba ta labari a waya: "Ke kuma me ya kai ki ɗakin gumaka?" Na ce mata ba bauta na je yi ba, aikin hannun mutane na je gani, kamar yadda Bature ke zuwa kallon masallacin Zariya ba tare da ya yi alwala ba. Ta ce, "To Allah ya kyauta." Abin da waɗannan zane-zane ke nunawa imanin Kiristoci ne, akwai inda muka haɗu da su, akwai inda muka rabu. Ban je don in yi musu ba, ban kuma fito da wani imani daban da wanda na shiga da shi ba.

Yawancin abin da ke sashen allunan bagade ne. Bagade shi ne teburin da limamin coci ke tsayawa a gabansa lokacin ibada. A kansa ake kafa babban allo na katako, sau da yawa mai fikafikai biyu kamar murfin taga, waɗanda ake rufewa a ranakun yau da kullum, a buɗe su ranar biki. A zamanin da mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, allon nan shi ne littafinsu. Salon da aka yi su a kansa ana kiransa Gotik. Ya faro ne daga gine-ginen coci a Faransa a ƙarni na 12, masu tsini da dogayen tagogi, sannan ya shiga sassaƙa da zane. Babban cocin Kolon da kowane baƙo ke ɗauka hoto a gabansa irin wannan gini ne. An aza tubalinsa a 1248, ba a gama shi ba sai 1880.

Ina tafe ina wuce alluna ba tare da na kula ba, sai wani ya tsayar da ni. Labarin Toma ne, almajirin da Linjila ta ce ya ƙi yarda da maganar 'yan'uwansa sai ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. An zana shi a durƙushe, ya miƙa yatsu. Ba labarin ne ya kama ni ba, yatsun ne. Duk mutanen da ke allon yatsunsu dogaye ne, sirara, a wawware, kowane yatsa kamar yana da nasa tunanin. Goshinsu faɗi, bakinsu ƙarami. Tufafinsu kuwa, wanda ya taɓa bin mahaifiyarsa Kantin Kwari zai gane abin da nake nufi: kana ganin yadin ka san nauyinsa, ka san wanda zai yi ƙara idan an taɓa shi, ka san wanda ba a wanke shi da ruwa. Duwatsun ado da ke jikin rigunan kowane da ɗigon haskensa. Na matsa kusa har mai gadi ya yi gyaran murya.

Sai na duba ɗan rubutun da ke gefe don in ga wane ne. Aka rubuta: Meister des Bartholomäus-Altars. Wato Gwanin Allon Bartalamawas. Na ɗauka laƙabi ne, na nemi sunan yanka, babu. Na koma baya na duba sauran allunan da na wuce. Wannan Gwanin Veronika, wancan Gwanin Labarin Ursula, wancan Gwanin Rayuwar Maryamu. Ɗaki bayan ɗaki, gwanaye ne zalla, kusan babu mai suna.

A daren na zauna na karanta. Jamusawa na da kalma ga wannan, Notname. Not na nufin larura ko matsi, Name kuwa suna. Sunan larura ke nan. Idan masana sun ga zane-zane da dama da suka tabbata hannu ɗaya ne ya yi su, amma babu sa hannu, babu takardar ciniki, sai su ɗauki mafi shahara a cikinsu su raɗa wa mutumin sunansa. Yadda suke gane hannun ya burge ni, don ya yi kama da aikina. Suna duba abubuwan da mai zane ke yi ba tare da ya sani ba: yadda yake lanƙwasa kunne, yadda yake ja farce, yadda yake naɗe bakin mayafi. Suna haska allon da hasken da ido ba ya gani, sai zanen farko da ke ƙarƙashin fenti ya bayyana, a ga inda ya yi kuskure ya gyara. Suna ƙirga zoben shekarun da ke jikin katakon, su san lokacin da aka sare itacen. Da wannan duka aka tattaro mutum guda daga garuruwa daban-daban, don ayyukansa sun warwatsu a Kolon da Munik da Landan da Faris da Washington.

Abin da aka sani game da shi kaɗan ne. Ya yi aiki daga wajajen 1470 zuwa 1510. Ana ganin daga yankin Holan na yau ya fito, ko a can ya koyi sana'a, wajajen Utrecht ko Arnhem, kafin ya shahara a Kolon. Da ƙananan zane-zane ya fara, irin na cikin littafi. Akwai wani littafin addu'o'i da aka rubuta da hannu don wata mace mai suna Sophia van Bylant, wanda shi ya yi wa zane, kuma a jikin ɗaya daga cikin zanen an rubuta shekarar 1475. Littafin na hannun wannan gidan tarihi na Wallraf. Da na ga hotunan shafukansa sai na gane daga ina ɗigon hasken nan ya samo asali. Mutumin da ya saba cusa duniya guda a shafin da bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, ko an ba shi allo mai tsayin mutum ba zai daina ƙirga duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya ba.

Allon Toma kuwa, da wani ɗan'uwansa da ke kusa da shi, wani masanin shari'a mai dukiya ne, Peter Rinck, ya biya kuɗinsu don gidan ruhubanawan Kartusiya na Kolon. Ya rasu a 1501. Ku duba lissafin nan da kyau. Matar da aka yi wa littafi mun san sunanta. Mutumin da ya biya kuɗin allo mun san sunansa, da sana'arsa, da shekarar rasuwarsa. Shekarar da aka yi zane ma an rubuta. Wanda ya zauna ya yi aikin ne kaɗai ya ɓace.

Ba wai mutanen Kolon ba sa rubuta suna ba ne. Akwai wani titi a tsakiyar gari, Schildergasse, inda yau kantunan tufafi da na takalma suka cika, a nan ma na sayi rigar sanyina ta farko. Sunan titin daga masu zanen garkuwa da tambari ya samo asali, don a nan unguwarsu take. Littattafan birni sun adana sunayen masu zane da yawa: wanda ya sayi gida, wanda ya yi aure, wanda ya ci bashi. Matsalar ita ce ba su saba sa hannu a aikinsu ba. Ga tulin sunaye a gefe ɗaya babu aiki, ga tulin aiki a ɗaya gefen babu suna. Mai yiwuwa sunan mutumin nan na kwance a wani shafi, an rubuta cewa ya biya haraji, amma babu zaren da zai haɗa shi da yatsun Toma.

Mutum ɗaya a cikinsu ya tsira, kuma da kyar. A 1520 Albrecht Dürer, shahararren mai zanen Nuremberg, ya ratsa ta Kolon. Mutum ne mai rubuta duk abin da ya kashe a tafiya. A cikin lissafinsa ya rubuta cewa ya biya 'yan kuɗi don a buɗe masa allon da wani gwani Stefan ya zana. Daga wannan layi ɗaya masana suka bi diddigi, suka haɗa shi da wani Stefan Lochner da ke cikin littattafan birni, wanda ya rasu a 1451. Yau allon na cikin babban cocin, kowane ɗan yawon buɗe ido na jin sunan Lochner. Da Dürer ya yi kasalar rubutu a daren nan, da shi ma sunan larura zai ci.

Kalmar nan ta zauna mini a rai saboda wani dalili na gida. Ni ma da sunan larura na tashi. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, don haka Baba bai taɓa kirana da shi ba, haka 'yan'uwansa. Ummi ake ce mini. Sai da na shiga firamare malami ya kira sunan rajista, na yi ta waige-waige ina neman mai shi. Mama ba ta faɗin sunan Baba, ba ta faɗin na ɗanta na fari. A wurinmu ɓoye suna girmamawa ne. Amma akwai bambanci, kuma na daɗe kafin in kama shi. Sunan da ake ɓoyewa don kunya kowa ya san shi, ana kewaye shi ne kamar yadda ake kewaye shimfiɗar babba. Sunan gwanin nan ba kewaye shi ake yi ba, faɗuwa ya yi babu wanda ya duƙa ya ɗauka.

Na kuma tuna allon saukata. Da na sauke Alƙur'ani ina shekara goma sha uku, an kai allona wurin mai zayyana, ya dawo da ja da kore da ruwan ɗorawa, layuka sun sarƙe da juna babu inda ɗaya ya kauce. Har yau yana rataye a ɗakin Mama. Na tambayi Baba wa ya yi shi. Ya yi shiru, ya ce, "Wani malami ne a bakin kasuwa, kowa wurinsa yake kaiwa." Sunansa fa? Ya ce Mai Zayyana ake ce masa. Shekara goma sha biyar kacal, a garin da aka haife ni, ga shi mun riga mun yi masa abin da Kolon ta yi wa nata.

Bayan sati uku na hau motar dare zuwa Munik don in ga allon da aka raɗa masa sunansa. Ranar Lahadi Yuro ɗaya ake shiga Alte Pinakothek. Yadda allon ya je can ma labari ne. A cocin Kolumba na Kolon yake a da. Lokacin da Faransawa ke mulkin yankin, a 1802 aka rufe gidajen ruhubanawa da dama, kayan coci suka fito kasuwa. Wasu 'yan'uwa biyu, Sulpiz da Melchior Boisserée, suka yi ta sayen tsofaffin alluna a shekarun da suka biyo baya, har wannan ya shiga hannunsu. A 1827 suka sayar wa Sarki Ludwig na ɗaya na Bavariya da tarin nasu. A wancan zamani an jingina ayyukan mutumin nan ga Lucas van Leyden, wani mai zanen Holan da sunansa ya riga ya yi tashe. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe tun da can, aikin da ba shi da mai shi, mai suna ake miƙa wa. Cocin Kolumba kuwa bama-bamai sun rushe shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Da allon bai bar gida ba, wa ya san abin da zai same shi.

A tsakiyar allon Bartalamawas ne a tsaye, riƙe da wuƙa, don Kiristoci sun ce feɗe shi aka yi da ransa. Agnes na gefe ɗaya da ɗan ragonta, Sisiliya na ɗaya gefen da kayan kiɗanta. A bayansu an rataya zani mai ruwan zinariya, ta samansa ana hango gari can nesa. Yatsun nan dai su ne, na gane su tun daga bakin ƙofa kamar yadda ake gane tafiyar ɗan gida a cikin duhu. Kusa da ƙafar Bartalamawas akwai wani ɗan ƙaramin mutum a durƙushe, cikin farar rigar ruhubanawan Kartusiya. An taɓa shafe shi da fenti, ya yi zamani a ɓoye, sai a ƙarni na 20 masu gyaran zane suka fito da shi. Shi ma ba a san sunansa ba. 'Yan Kartusiya mutane ne masu yawan shiru, kowane a ɗakinsa, kuma idan ɗayansu ya mutu ba a rubuta suna a kabarinsa. Saboda yawan aikin da gwanin ya yi musu, akwai masanan da suka yi zaton ko shi ma ɗayansu ne.

A kan bencin da ke gaban allon na yi wa kaina huɗuba mai daɗi. Na ce, ki duba, shekara ɗari biyar ke nan, sunansa ya ɓace amma aikinsa na nan. Mene ne suna? Allah ya ga abin da kika yi. Ki bar musu maƙalarsu. Na fito da sauƙin zuciya, har na sayi burodi mai gishiri na ci a hanya.

Sauƙin bai kai Kolon ba. A cikin mota na ci gaba da karatu, na ci karo da abin da Neil MacGregor, wanda ya shugabanci babban gidan zane na Landan, ya faɗa a wata lacca a 1993. Ya kira mutumin nan wanda rashin suna ya cuta. Hujjarsa ita ce gwanintarsa ta kai ta manyan zamaninsa, amma da yake babu suna, babu labarin rayuwa, babu abin da mutane za su riƙe, sai aka bar shi a baya. Na gwada da abokan karatuna Jamusawa. Kowa ya san Dürer. Babu ko ɗaya da ya taɓa jin Gwanin Allon Bartalamawas, har da wadda aka haifa a Kolon, garin da ya shirya masa babban baje koli a 2001. Ashe aikin ya tsira, amma mai aikin ya yi asara. Kuma shi wataƙila bai damu ba, don a zamaninsa duk mai kuɗin Kolon ya san ƙofar shagonsa. Ba da sunan da ke jikin allo yake cin abinci ba. Ni kuwa a sana'ata sunan da ke saman takarda shi ne gonar, shi ne rumbun.

Sai wani abu ya fi wannan damuna. Allon bagade ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kafinta ne ke haɗa katakon. Wani ya dama alli da danƙo ya shafa, ya goge, ya sake shafawa har ya yi santsi. Wani ya shimfiɗa zinariyar da aka buga ta zama kamar fatar albasa. Yara masu koyon sana'a su wuni suna niƙa duwatsun launi a kan dutse, suna kwaɓawa da mai. Gwani ya zo ya ja zanen farko, ya yi fuskoki da hannuwa, ya bar wa manyan yaransa wani ɓangaren. Tun ranar farko nake kwatanta kaina da gwanin, alhali ba shi ba ce ni. Ni ce yarinyar da ke niƙa. Shi ya samu ko da sunan larura, an rubuta littattafai a kansa. Masu niƙa kuwa ko wannan ba su samu ba. Idan an tuna da su sai a ce "shagonsa", kamar yadda aka ce "ɗaliban ɗakin bincike".

Ranar Litinin na buɗe littattafan aikina. A ɗakin bincike kowa na da littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum, da kwanan wata, ba a yage shafi, ba a gogewa. Nawa guda biyar ne. Ina juya shafuka sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A gefen lambobin, inda babu wanda zai duba, Hausa ce. "Bai yi ba." "A sake gobe." "Wannan kwalbar ƙarya take yi." A wani shafi na watan azumi, da ƙarfe shida da minti goma na yamma: "Alhamdu lillahi, ya fito." A ƙarƙashinsa ga lambobin nan da suka zama hoto na uku a maƙalar, ba a canza ko ɗigo ba. Babu wani mai jin Hausa a ginin nan kaf. Ashe ni ma ina da yatsuna.

Na rubuta wa Farfesa cewa ina neman minti goma sha biyar. Na kwana ina tsara abin da zan ce, da safe duk ya zube. Na shiga da littattafan a ƙirjina, na ajiye su a teburinsa, na buɗe shafukan da na sa wa alama, na jera su kusa da daftarin. Na ce, "Farfesa, waɗannan awon ni na yi su. Ina ganin ya kamata sunana ya shiga." Muryata na rawa, na ji ta da kunnena. Ya daɗe yana dubawa. Ya nuna rubutun gefe ya ce wannan wane harshe ne, me yake cewa. Na fassara masa na kwalbar. Bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya haɗa daftarin ya ɗauka aikin na'ura kawai na yi, zai yi magana da shi. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Bayan kwana tara sabon daftari ya zo. Sunaye biyar, nawa na uku. A ganina na biyu ya dace, amma na karɓa. Wanda ya haɗa daftarin farko ya yi wata biyu yana gaishe ni da ka kawai, har yanzu ba mu koma kamar da ba. Ba zan ce wa kowa abin ba shi da tsada ba, kuma na san akwai waɗanda suka yi irin maganata suka gamu da abin da ya fi wannan muni. Abin da zan iya cewa ga 'yan'uwana da ke ɗakunan bincike da asibitoci da ofisoshi a ƙasashen mutane shi ne, ku rubuta abin da kuka yi, da rana da wata, ku ajiye. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita tana da kyau a inda kowa ya san kowa. A nan idan ka yi shiru, ɗauka ake yi babu kai.

Akwai wata ɗalibar digiri na farko da ke taya ni wanke kwalabe tun bazara, tana zuwa sau biyu a mako. Kwanan baya na lura cewa a littafina "yarinyar Talata" nake rubutawa idan ta yi wani abu. Na ji kunya. Yanzu cikakken sunanta nake sawa a gefen duk awon da ta taɓa. Na kuma roƙi ƙanena ya je bakin kasuwa ya tambayo mini sunan Mai Zayyana tun ana samun masu tunawa. Ya ce rumfar ta zama shagon cajin waya, amma an nuna masa gidan ɗansa.

Har yanzu nakan koma Wallraf a Alhamis ɗin farkon wata. Mai gadin ya san ni, ya daina gyaran murya. Nakan tsaya gaban Toma in duba yatsun, sannan in duba jan da ke jikin riga, in tuna akwai wanda ya wuni yana niƙa shi.